Ɗana yana taune-taune idan zazzaɓi ya kama shi: shin ƙarancin zinki ne?

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim. Ɗana na fari yana da wata 22, kuma sau biyu ke nan yana yin taune-taune idan jikinsa ya yi zafi. Na farko da damina, cikin Agusta, aka ce maleriya ce. Na biyu watan jiya, yana fama da mura da zawo. Duk biyun idonsa ya kafe, jikinsa ya sandare, sai jijjiga, amma bai daɗe ba ya sake shi, ya yi barci, ya tashi garau. Surukata ta ce shafar iska ce, ta sa masa cokali a baki, ta yi masa hayaki, ta ɗura masa rubutu. Shi kuma maigida, ƙaninsa da ke karatu a Dutse ya ce masa ya gani a waya cewa ƙarancin zinki ne ke kawo abin. Sai ya sayo ƙwayar zinki a kemis, yau sati uku kullum ana ba yaron guda ɗaya, wani lokaci yana sha yana amai. Ni kuma da yake ɗan fari ne, ba ni da bakin magana a gaban Inna. Tsorona kada ya zama farfaɗiya. Gaskiya ne maganar zinkin nan? Mu ci gaba da ba shi? Me zan yi in abin ya sake tasowa?

Daga wata uwa, ƙasar Ringim

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi. Duk uwar da ta taɓa ganin ɗanta ya sandare a hannunta ta san a wannan lokacin ba ta tunanin komai sai mutuwa, don haka tsoron da kike ji ba abin kunya ba ne. Amma ki kwantar da hankalinki. Yadda kika kwatanta abin, ya yi kama da taune-taunen zazzaɓi, wanda ke samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5 idan zafin jiki ya kai digiri 38 ko ya haura. A cikin yara 100, tsakanin 2 zuwa 5 sukan yi shi. Idan duk jiki ne ya yi jijjigar, bai kai minti 15 ba, bai maimaita a cikin wuni da kwana ɗaya ba, yaro kuma ya farfaɗo ya gane mutane, to ba ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ya rage basira, kuma yakan bar yaro da kansa kafin ya kai shekara 6.

Farfaɗiya daban take. Ita tana zuwa ne jiki da sanyinsa, babu zazzaɓi, tana kuma maimaituwa. Cikin yara 100 da suka yi irin taune-taunen ɗanki, kamar 2 ne kawai ke yin farfaɗiya daga baya. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne yana iya sake yi. Kusan ɗaya bisa uku na yaran da suka yi sau ɗaya sukan maimaita, musamman wanda ya fara kafin ya kai shekara ɗaya da rabi, ko wanda akwai mai yi a dangi. Waɗanda suka yi sau biyu kuwa, kusan rabinsu sukan yi na uku. Shi ya sa nake so ki zauna da shirinki.

To ga maganar zinki. Ƙanin mijinki bai ƙirƙiro ta ba, tana da tushe. Zinki sinadari ne da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan kullum don girma, da garkuwar jiki, da warkewar rauni, da aikin ƙwaƙwalwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai saƙonnin da ke zaburar da jijiyoyi, akwai masu lafar da su, kamar doki ne da linzaminsa. Zinki yana taimakawa wajen haɗa sinadarin da ke lafar da jijiyoyin, yana kuma rage ƙarfin mai zaburarwar. Idan ya yi ƙaranci linzamin yakan yi sako-sako, zafin zazzaɓi kuma dama yana zaburar da ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro wadda ba ta gama ƙwari ba. Likitoci a ƙasashe irin su Iran da Indiya da Masar sun auna jinin yaran da suka yi taune-taune, suka gwada da na yaran da suka yi zazzaɓi ba su yi taune-taune ba, kuma a bincike da dama an samu zinkin masu taune-taunen ya fi ƙasa. Wasu binciken kuma ba su ga wani bambanci ba.

Amma a ga abu biyu tare ba shi ke nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Duk lokacin da cuta ta shiga jiki, hanta takan janye zinki daga cikin jini ta ajiye, don haka jinin yaro mai zazzaɓi yakan nuna zinki ya sauka ko da jikinsa bai rasa shi ba. Awon ma yakan canja gwargwadon lokacin da aka ɗebi jinin da abin da yaro ya ci. Sannan yaron da ke da ƙarancin zinki sau da yawa shi ne mai ƙarancin jini, shi ne mai yawan zawo da mura, wato shi ne ya fi yawan yin zazzaɓin da ke tayar da abin. Gwaje-gwajen da aka yi na ba yara zinki don hana maimaituwar taune-taune kaɗan ne, a kan yara kaɗan, ba su kai a kafa hukunci da su ba. Don haka ba ya cikin tsarin jinyar yara a riƙa ba yaro ƙwayar zinki kullum saboda taune-taune. Abin da nake gani shi ne, zinki yana iya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa wani yaro ya fi wani saurin yi, tare da gado da shekaru da ƙarancin jini, amma shi ba maganin taune-taune ba ne.

Ƙwayar da ake ba ɗanki a tsaya da ita daga yau. Irin wadda ake sayarwa a kemis mai narkewa a cokali miligiram 20 ce, alhali yaro mai shekara 1 zuwa 3 miligiram 3 yake buƙata a rana, kuma abin da aka ƙayyade kada a riƙa wucewa a kullum shi ne miligiram 7. An yi ƙwayar ne don zawo. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa ta da ruwan gishiri da sukari na ORS, kuma tsarin da aka saba a asibitocinmu shi ne ƙwaya ɗaya a rana ga yaron da ya wuce wata 6, rabi ga wanda bai kai ba, na kwana 10 zuwa 14, sai a tsaya. Tana rage tsawon zawon, tana kuma rage dawowarsa na wata biyu zuwa uku. Tunda ɗanki ya yi zawo watan jiya, sati biyun farko sun yi masa amfani, kada maigida ya ji kamar ya cutar da ɗansa. Sati uku ba su isa su yi ɓarna mai ɗorewa ba. Amma in aka ja abin wata da watanni, yawan zinki yakan hana hanji tsotsar wani sinadari mai suna kofa, daga nan sai ƙarancin jini da raunin garkuwar jiki. Aman da yake yi ma daga ƙwayar ne, musamman in an ba shi cikinsa babu komai. Ki ajiye ragowar inda hannun yara ba ya kai, ranar da zawo ya dawo sai a yi amfani da ita bisa ƙa'ida, bayan ya ci abinci ko ya sha nono.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki ba zinki ba ne. Ba ki ce an kai yaron asibiti a karo na biyu ba. A ƙasarmu, yaron da ya yi zazzaɓi da jijjiga ba a ce masa "taune-taune ne kawai" sai an tabbatar ba maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa ba ce, ba sanƙarau ba ne, ba kuma sukarin jininsa ne ya faɗi ba. Waɗannan ukun suna farawa da kama ɗaya da abin da kika gani, kuma suna kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Kano da Jigawa suna cikin yankin sanƙarau, lokacinsa kuwa daga hunturu ne zuwa ƙarshen bazara, kafin ruwa ya sauka. Maleriya kuma ta fi ƙarfi daga tsakiyar damina zuwa kaka. Saboda haka duk ranar da ya yi, ko ya tashi yana wasa, a kai shi a ranar a yi masa gwajin maleriya na ɗan yatsa, wanda ba ya wuce minti 20, a duba kunne da maƙogwaro da ƙirji da wuya. In gwaji ya nuna maleriya, maganin na kwana 3 ne, sau biyu a rana, sha 6 ke nan, ana ba shi da nono ko abinci mai maiƙo, kuma a ƙarasa shi ko jiki ya yi sanyi tun rana ta biyu.

Ga abin da za ki yi in ya taso. Ki kwantar da shi a tabarma a ƙasa, nesa da murhu da ruwan zafi, ki juya shi ya kwanta a gefensa, fuska ta ɗan kalli ƙasa, don yawu ko amai su zubo waje. Ki sassauta masa riga. Ki dubi agogon waya ki riƙe lokacin da ya fara, domin minti biyu a irin wannan hali sai mutum ya rantse awa ce. In akwai wani a kusa, ya ɗauki bidiyo, zai taimaki likita ƙwarai. Kada a danne shi, kada a girgiza shi, kada a kwara masa ruwan randa. Kuma kada a sa komai a bakinsa. Yaro ba ya haɗiye harshensa, cokali kuwa yana karya haƙora, yana yaga dasashi, yana iya tura harshen baya ya toshe numfashi. Ɗura ita ce mafi haɗari: yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, ruwan sai ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya shaƙe shi nan take ko ya zama ciwon huhu bayan kwana biyu. Wannan ya haɗa da rubutu, da jiƙo, da man ja, har da maganin asibiti. Hayaki kuma yana cinye iskar da yake nema a daidai lokacin da numfashinsa ya yi rauni. Bayan ya saki zai yi barci, ki bar shi a gefensa, sai ya buɗe ido ya gane ki sannan a ba shi nono ko ruwa.

Idan jijjigar ta kai minti 5 ba ta tsaya ba, a ɗauke shi a tafi, kada a jira. Ma'aikacin lafiya yana da maganin da ake sa wa ta dubura ko ta jijiya ya tsayar da ita. Haka kuma in ya maimaita a rana ɗaya, ko gefe ɗaya na jiki ne kawai ke yi, ko ya wuce rabin awa bai dawo hayyacinsa ba, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya kasa shan komai, ko duk abin da ya sha sai ya amayar, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fitsarinsa ya yi baƙi, ko numfashinsa na fita da ƙyar. Irin wannan na babban asibiti ne, kamar na Ringim, ba na kemis ba. In an tura ku gaba, zuwa Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero a Kano, ku tafi, kada ku koma gida neman shawara.

Game da farasitamol, ki ba shi don ya ji sauƙi ya samu ya sha ruwa, amma ki sani ba ya hana taune-taune. Sau da yawa ma jijjigar ce ke fara sanar da uwa cewa zazzaɓi ya shigo, don haka kada wani ya ce sakacinki ne. Ana auna shi da nauyin yaro, miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo. Yaro mai kilo 10, na ruwa mai miligiram 120 a cikin mililita 5, zai sha mililita 5, a bar awa 6 tsakani, kada a wuce sau 4 a wuni da kwana. Ki yi amfani da murfin awo ko sirinji, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ki kula, wasu magungunan mura da na haƙora akwai farasitamol a cikinsu, in aka haɗa sai ya yi yawa ya taɓa hanta. Asfirin da garin maganin ciwon kai na manya ba na yara ba ne. Ki rage masa kaya, in za ki goge masa jiki ki yi da ruwa mai ɗumi-ɗumi.

Zinkin da nake so ɗanki ya samu kullum daga tukunyarki zai fito. Yaran karkara da yawa suna da ƙarancinsa, dalili kuwa abincinmu gero ne da dawa da masara, kuma a cikin hatsi da wake akwai wani sinadari da ke riƙe zinki ya hana hanji ɗauka. Yaro sai ya cika ciki da tuwo da kunu amma kaɗan ne ke shiga jininsa. Dabarun iyayenmu suna karya wannan riƙon: jiƙa hatsi ya kwana a zubar da ruwan, barin sa ya yi tsiro kafin a shanya a niƙa, da barin gasara ko kamu su yi tsami. Kokon gasara ya fi kunun ɗanyen gari amfani ta wannan fuska. Wake ma a jiƙa shi kafin a dafa. Ki haɗa masa garin kunu: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken, a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna, a niƙa tare. Ki dama da kauri, wanda zai zauna a cokali, domin tsararon kunu ruwa ne kawai ke cika masa ciki. In kin samu busasshen kifi, ki daka shi lukui ki riƙa zuba cokali ɗaya a ciki.

Zinkin da jiki ya fi saurin ɗauka yana cikin nama, da hanta, da kifi, da ƙwai, da nono. Na san ba kullum ake samun nama ba. Amma ƙwai ɗaya daga kajin gidan ko na zabi da damina, da ɗan yankin hanta ranar kasuwa sau ɗaya a mako, da kindirmo, da awara, da garin ƙuli-ƙuli ko riɗi a kan abincinsa, duk suna taruwa su yi yawa. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da asali, kada ta hana shi. Tsokar miya kuma a riƙa cire masa tasa a dagargaza kafin a raba wa manya. Waɗannan abincin su ne kuma ke ƙara jini. In ba a yaye shi ba ki ci gaba da ba shi nono har ya cika shekara biyu, sai dai nono kaɗai ba ya isar da zinki bayan wata 6.

Yanzu mutanen gidanki. Inna ba ta nufin jikanta da sharri. Abin da ta gani a wurin iyayenta ta yi, kuma tunda yaron ya farfaɗo sau biyu bayan cokali da hayaki, dole ta ɗauka su ne suka yi aiki, alhali irin wannan taune-taunen da kansa yake tsayawa cikin 'yan mintuna. In kika ce mata ta yi kuskure, kin rufe ƙofa. Ki bar wa ɗanta maganar, shi ya fi ki sanin ta inda zai shigo mata. Abin da ya fi ma, ku tafi da ita asibiti ranar awo, ta ji daga bakin malamar asibiti da kunnenta. Kuma a ba ta aikinta: ita ce za ta zauna kusa da kansa tana tofi da addu'a, tana lura da kwanciyarsa a gefe. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, ana yin ta a ɗaki, ana yin ta a kan hanya. In tana son a ba shi rubutu, a bari sai ya farka sarai ya karɓa da kansa. Ki kuma tambaye ta cikin ladabi ko mahaifin yaron ko 'yan'uwansa sun yi irin wannan suna ƙanana, ki tambayi taki mahaifiyar ma. Sau da yawa sai a ji an ce "ai wane ma ya yi", ga shi kuma ya girma lafiya, hankalin kowa sai ya kwanta. Ba don a ɗora wa wani dangi laifi ba, likita ne zai so ya sani.

Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau, ba na ce ki yar da ita ba. Ki ci gaba da sakaya sunansa, ki ci gaba da kawaici. Amma minti biyar ɗin da yake jijjiga ba lokacin kawaici ba ne, ke ce kika san abin da za a yi, ki matsa ki juya shi, in an miƙo cokali ki ce, "Inna, a asibiti sun ce a bar bakin." Shi kuma maigida ki fara da yi masa godiya, mutumin da ya cire kuɗi ya sayo magani ya damu da ɗansa. Ki nuna masa wannan amsar, ko ƙaninsa ya karanta masa, sannan ki roƙe shi abu uku: kuɗin ƙwayar ya koma na ƙwai da kifi da waken suya, ya ba ki izini tun yanzu cewa in abin ya taso ba ya gida za ki fita da yaron ba sai an neme shi ba, kuma a samu lambar mai babur ko mai mota na kusa da ɗan kuɗin da ba a taɓawa. Yara da yawa jiran izini da neman abin hawa cikin dare ne ke sa a makara da su.

Cikin makon nan, tun yana lafiya, ki kai shi asibitin da ya fi kusa da ku da katin rigakafinsa da ragowar ƙwayar. Ki ce a auna nauyinsa da damtsensa. In awon damtse ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, akwai abincin magani da ake bayarwa wanda zinki na cikinsa. In ruwan ɗorawa ne, tsakanin 11.5 da 12.5, a dage da abincin da na faɗa a riƙa komawa awo. A duba jininsa, a duba ko ya samu allurar ƙyanda da ta sanƙarau. In ma'aikacin lafiya ya ga alamun ƙarancin zinki, kamar tsumburewa, da ƙin cin abinci, da zawo mai yawan dawowa, da gyambon da ba ya warkewa, shi zai rubuta adadin da ya dace da tsawon kwanakin. Idan damina ta kama, daga wajen Yuli, masu rabon maganin rigakafin maleriya na yara 'yan wata 3 zuwa 59 za su riƙa zuwa gida-gida wata-wata. Ki karɓa kowane zagaye, ki ƙarasa masa na rana ta biyu da ta uku da suke bar miki, ya kuma riƙa kwana cikin gidan sauro kowane dare. Allah ya raya shi, ya ba ku lafiya baki ɗaya.